Ni Na Kai Wuyan Innata Ga Aska

Ni ɗiyar masunta ce daga Argungu. Lokacin da abin nan ya faru ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata, ina ji da kaina kamar ni na ɗinka sabuwar tutar ƙasa. A gidanmu ni kaɗai na iya Turanci, kuma ban bar kowa ya manta ba.

Innata tana da maƙoƙo, ya kai girman goruba. Ba ya yi mata ciwo. Tana bandar kifinta, kuma ita ce mai guɗar unguwarmu, ba a biki sai da ita. In maƙwabta suka tsokane ta, sai ta ce ai nan take ɓoye guzurinta don kada su gani su roƙa. Wata gwaggonmu ta ce haɗa kifi da nono ke kawo shi, sai Inna ta bar duka biyun. Ƙwai kuwa dama mace ba ta ci a gidanmu. Tuwo, kunun kanwa, sai rogo.

Da aka ce za a ba ni kyauta a makaranta, iyaye su zo, na kasa zaune na kasa tsaye. Ina ta hango ta cikin matan ma'aikata, gyalenta ya zame, 'yan ajinmu suna taɓa juna. Da na zo hutu na sa ta gaba, wai ta je gun wanzami ya tsaga wurin ya sa ƙaho ya zuƙe. Ta ce abin da bai hana ta haɗiyar tuwo ba, don me za ta tsokane shi? Na yi kuka, na ƙi cin abinci, daga ƙarshe na ce in ba ta je ba, kada ta zo makarantarmu. Sai ta wanke hannu, ta ɗauki gyalenta.

Shi kansa wanzamin ya ja baya, ya ce ƙahonsa na baya ne da ƙeya, wuya ba wurin wasa ba ne. Ni na matsa, na ce na yi boko, na san mataccen jini ne ya taru. Ya ce to, 'yar boko ta fi aska kaifi, ya yi bismilla. Tsaga ta biyu jini ya yi tsartuwa har kan rigata. Ya danna auduga, ya danna toka, bai tsaya ba. A bayan motar shinkafa muka kai ta Birnin Kebbi da rana tsaka, na danne wuyanta da ɗankwalina, ina jin jikinta yana sanyi. Abin da ta iya faɗa mini a hanya shi ne kada in gaya wa Baba shawarata ce.

Allah ya sa aka ɗinke wurin. Wata dattijuwar malamar asibiti ta zaunar da ni, ta tambayi abin da Inna ke ci. Ta ce maƙoƙo ba jini ba ne, ba sammu ba ne, wani nama ne a wuya da ke kumbura in jiki ya rasa sinadarin aidin, kuma a abinci ake samunsa: kifin teku ko da na gwangwani ne, nono, ƙwai. Kifin gulbinmu ma yana da shi, ko da bai kai na teku ba, rogo kuma in ba a jiƙa shi sosai ba ƙara abin yake. Wato duk abin da zai taimake ta shi muka hana ta. Sannan ta tambayi ajina, ta ce ba a koya mana wannan ba? An koya mana. Na rubuta a jarrabawa, na ci. Ban taɓa ɗaga kai daga takarda na dubi wuyan uwata ba.

Inna ta zo ranar kyautar, wuyanta a naɗe. Da aka kira sunana na ga ta miƙe, ta kama hanci za ta yi guɗa. Ba abin da ya fito sai iska. Muryar ta dushe har yau.

Na koyi cewa ilimin da bai shiga tukunyar gidanku ba, ado ne kawai. 'Yan'uwana mata, in kun ga kumburi a wuya ku nufi asibiti, kada aska ta taɓa shi. Ku bar iyayenku su sha nono, su ci kifi da ƙwai. Kuma kada ku ji kunyar uwa saboda idon mutane. Ni kullum da safe nake dafa mata ƙwai in kai mata, ta karɓa ta sa mini albarka, sai na sunkuya kafin in ji.