Layar da na ɗauke daga ƙafa na kai damtse

A shekarun da jam'iyyu suka tsiro kamar ciyawar damina, ni ɗan kokowa ne a wani ƙauye kusa da Kalfu. Yanzu tumbina ke riga ni shiga ɗaki, amma a lokacin in na yi kirari a garinmu, awakin Takanamat sai sun ɗaga kai daga kiwo. Burina guda ne, a zaɓe ni cikin 'yan kokowar jihar Tawa masu zuwa neman takobi, kyautar zakaran kokowar ƙasa. Ko ina noma da rana tsaka, takobin nan nake gani yana lilo a gabana kamar jinjirin wata.

Wata kaka ana kokowar ƙauye na taka rami, ƙafar dama ta lanƙwashe ciki, na ji ɓas. Idon sawu ya kumbura ya yi kabewa. Maɗori ya lalube, ya ce ƙashi lafiya, targaɗe ne, in huta. Na ɗauki lafiyar ƙashin, na bar masa hutun a zaurensa, kwana biyar na koma fage. Tun daga nan ƙafar ta kafa tata jam'iyya, ina tafiya a ƙasa shimfiɗe sai ta gurɗe ba shawara. Abokai suka ce sammu aka yi mini. Maganar ta yi mini daɗi, don sai gwani ake yi wa sammu. Wani tsoho mai magani ya ba ni laya ɗinke a kan faffaɗar fata, ya naɗe mini idon sawu da ita tam, har ta ƙarƙashin diddige. Ƙafa ta natsu, na shiga zubar da maza kamar kanya. Da ranar zaɓe ta matso, girman kai ya raɗa mini cewa laya irin wannan ta fi ƙarfin turɓaya. Na kai wa baduku ya ɓalle ta daga fatar, ya yi mata jan gida mai tuntaye, na ɗaura a damtse inda kowa zai gani.

Ranar a Tawa, ganguna na tashi, na shiga fage ina jin kamar iska ke ɗauke da ni, fuskokin jama'a na narkewa cikin hasken yamma. Na yi tsalle na sauka. Abin da na tuna kawai shi ne sama, da wata shirwa tana shawagi a hankali. Abokin karawata bai ko taɓa ni ba, har ya duba bayansa ya ga ko wani ya taya shi. An zaɓe shi, ni aka ɗauke ni a amalanke.

A asibiti hoto bai nuna karaya ba. Likitan, wani Bazabarme mai sanyin murya, ya tambaye ni sau nawa ƙafar ta gurɗe, na ce taurari kaɗai suka fi su yawa. Ya riƙe ƙwaurina, ya jawo diddige gaba, sawun ya zamo gaba kamar ana jawo aljihun tebur. Ya gwada ta hagu, ta tsaya cak. Ya ce jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi sun yage tun ranar ramin, sun warke sako-sako, kuma hoton ƙashi ba ya nuna su. Da na ba shi labarin laya, ya yi murmushi ya ce Allah ke warkarwa, amma naɗin fatar nan ne ya riƙe ni, ni kuwa na kwance shi da hannuna. Ya koya mini motsa sawu da tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Na samu tafiya, kokowa kam ta wuce.

Har yau nakan yi mafarkin takobin, yana matsowa sai ƙafa ta gurɗe in farka. 'Yan uwa, rashin karaya ba shi ne lafiya ba. Ƙafar da ta gurɗe sau biyu a kai ta a duba, a ba ta hutunta. Shekara da shekaru ina neman wanda ya yi mini sammu, ashe ni ne da kaina, kullum da shi nake cin tuwo da hannu guda.