Yadda Na Yi Wa Ɗan Ƙwallon Kwando Cinikin Rago

Wautar da na tafka a Kuala Lumpur ba irin ta yara ba ce, ta manya ce, mai furfura da carbi. Mutum mai rai, mai uwa da uba, na ɗauka na yi masa cinikin rago. Kuma da kyakkyawar niyya na yi, wadda ita ce ta fi kowace irin wauta ɓarna.

Ni dai boko aji uku na yi, shi ma na ukun malami ya fi sanin ƙeyata da fuskata. Sana'ata dillancin dabbobi a kara, tun ina jan igiya har na zama mai tsayar da magana. Aikin ido ne ya kawo ni Malesiya wurin 'yata da ke aikin asibiti. Aka cire yana, ido ya buɗe, ita kuma ta rufe maganar komawata gida. Na zauna a unguwar Cheras, can saman bene, da jikoki biyu waɗanda in na ce musu "kun tashi lafiya?" sai su ce "okay lah." Hausa ta fara yi mini tsami a baki don rashin abokin yi.

A cikin lif na haɗu da shi. Ƙofa ta buɗe na ga ciki da ƙirji, kan kuwa sai da ya sunkuyo da shi. Ya dubi hulata ya ce, "Sannu Baba, an wuni lafiya?" Saura kaɗan in rungume gwiwarsa. Ɗan Filato ne, Kirista, wai sana'arsa ƙwallon kwando: biyansa ake yi ya jefa ƙwallo cikin kwandon da gindinsa a huje yake. Na raɗa masa suna dogo, ya amsa, shi ke nan.

Daga nan duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya biyo gidanmu, ya share tuwon shinkafa da miyar kukar da za su ishi gida guda, sannan mu sauka shagon mamak, Indiyawan nan Musulmi masu jan shayi daga kofi zuwa kofi. In ba shi labarin kara, ya yi dariya a daidai inda ake dariya, ko da karo na uku ke nan yana ji. Sau ɗaya ya kai ni kallon wasansu. A ƙwallon ƙafa mutum ya ci ɗaya a yi wata ana labari. Nan kuwa a yi ta ci kamar ana zuba gyaɗa a buhu, kuma a tashi ana ɓacin rai. Na yi tafi sosai, sai daga baya na gane rabin tafin abokan hamayya na yi wa.

Wata Lahadi ya zo bai ci tuwo da yawa ba. A mamak ya ce kwantiraginsa ya ƙare, yanzu ba shi da ubangida.

Na ce, "Ka zama akuyar sake ke nan."

Ya ce, "Kusan haka, Baba. Kulob ɗina na nan suna so in sake sa hannu, amma albashi yadda yake. Wani kulob a Indunusiya ya ɗan ɗora. Ni dai na rasa. Me ka gani?"

Maganar ta riga ta zaga gari. 'Yan makarantar nan 'yan ƙasarmu da ke unguwar Danau Kota, waɗanda iyayensu ke turo musu kuɗin shinkafa, kowa ya zama masani. Wannan ya ce ya haye teku, wancan ya ce ya jira Amurka, wani ma da bai kai masa ƙugu ba ya ce, "Bros, you dey waste your height." Ni kuwa abin da na gani ɗaya ne: in dogo ya tafi, na koma hira da bango. So nake ya zauna, ba wani abu ba.

To amma dillali ba ya cewa yana so. Shekarun da na yi a kara sun koya mini duk wanda ya nuna so ya faɗi. Sai na yi lissafi irin nawa: in na sa mutanen nan suka ƙara masa, zai zauna da daraja, ba zai sake kallon teku ba, kuma a ce tsohon nan ne ya yi. Na gyara hula na ce, "Yaushe za a fara gasar?"

Ya ce saura kaɗan.

Na ce, "To ita ce Sallarku. Rago kuwa sai Sallah ta matso yake tsada. Tayin farko ba a karɓa, albarka ake cewa. In sun kira kada ka ɗauka da wuri. Ka sha shayi da mutumin Indunusiya a inda za a gan ku. Mai saye in ya juya baya, ƙyale shi, ƙafarsa ce za ta dawo da shi."

Ya ce, "Baba, wakilina ya ce in sa hannu makon nan."

Na ce, "Wakilin naka raguna nawa ya taɓa sayarwa?"

Ya yi dariya, ya ce ko kaza. Da wannan hujjar na ci shi.

'Yata ta ji labari tana wanke-wanke, ta ce, "Baba, nan fa ba kara ba ce. Ku bar yaron mutane."

Na ce, "Ke dai ki ji da allurarki. Ciniki ko a Sin ciniki ne."

Manajan kulob ya kira, dogo ya bar waya tana ruri a kan tebur, ni ina kaɗa kai kamar mai sauraron kiɗa. Ya sake kira, na ce alama ce mai kyau. Da ya daina kira, na ce wannan ta fi kyau, ya tafi ƙirga kuɗi ne. Har tapau na yi mana na kaza, wato ƙunshin abincin da ake tafiya da shi gida, na ce a fara murna.

Abin da ban sani ba, kuma ban tambaya ba don kada a ce ban sani ba, shi ne gurbin baƙi a kulob ƙayyadadde ne, ba garke ba ne da za a yi ta tura kai. Sannan a kara ragunan ranar duk suna gabanka, kana ganin iyakarsu. Ashe dogayen duniya kaf suna cikin wayar manajan, yana kallon su yana shan shayinsa. Mai saye bai dawo ba, wani ragon ya saya, wai daga Turai, har ya ɗara nawa tsawo. Takardar zaman dogo kuwa a wuyan kulob ɗin take rataye. Ni da na fi kowa sanin darajar ragon da ya kwana bayan Sallah, ni na kwanar da shi.

Mutanen Indunusiya su ma sun ji ƙanshin labari, suka janye ɗan abin da suka ɗora. Ya sa musu hannu a haka.

Na jira ya zage ni, ko ya daina zuwa, in samu abin riƙewa. Bai yi ko ɗaya ba. Lahadin ƙarshe ya zo ya cinye tuwonsa tas, ya ce wa 'yata, "Anti, a ɗan ƙulla mini kuka, can ban san me zan tarar ba." Ta ƙulla masa, tana harara ta ta gefen ido, idon da ba a yi wa aiki ba amma ya fi nawa gani.

Na raka shi tashar jirgin ƙasa da ke gefen Brickfields, inda ake hawa zuwa filin jirgi. A hanya ina ta surutu, wai ai Indunusiya nan ce kusa, wai ƙetare albarka ne, wai gobe mutanen kulob ɗin nan da kansu za su zo suna roƙo. Yana ta cewa, "Haka ne, Baba." Da muka zo inda mai rakiya ke tsayawa ya ajiye jaka ya durƙusa, wanda ya sa muka zama kai ɗaya a karo na farko. Na sa masa albarka irin tamu, ya ce amin irin tasu. Ya miƙe, ya saɓa jaka, sannan ya sake sunkuyowa kamar ranar lif.

Ya ce, "Baba, ranar nan fa ba farashi na zo tambaya ba. Da ka ce mini in zauna, da a wurin zan kira su in sa hannu."