Ranar da Hamidu Ya Zagi Kumandan

A Gaya, in ka ce Hamidu sai a tambaye ka wanne. In ka ce Hamidu Mai Aljanu kuwa, ko direban da ya kwana ɗaya a garin zai nuna maka gidan. Ba bori yake yi ba, ba ya kuma duba. Aljanunsa duka a takarda suke. Shi ya ƙirƙire su, ya raɗa musu suna, ya gina musu birni a ƙarƙashin kogin Kwara, da kasuwarsu da alƙalinsu da magulmatansu.

Ba'are ne, ɗan ƙabilar Arawa, haifaffen wani ƙauye kusa da Junju. Ubansa ya gane da wuri cewa wannan ɗan ba zai cika rumbu ba, don in an tura shi noma sai a tarar da shi tsaye yana yi wa hauya hira. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har hannunsa ya faɗa da rubutu, sannan ya gangaro Gaya ya zauna wurin wani mai gyaran keke a bakin gada. Keken ma bai iya ba. Abin da ya iya shi ne tara mutane. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da suka taso daga Kotonu sukan yi kwana da kwanaki suna jiran duwan, wato kwastan, ta sallame su, Hamidu kuwa ya zauna a inuwar mota yana zuba musu labarin mutanen ƙarƙashin ruwa. Su suka zama malamansa ba su sani ba. Inda direba ya yi hamma, gobe Hamidu ya yanke wurin. Inda shayi ya huce a hannun mutum bai kurɓa ba, ya san ya kama.

Wani malamin yaƙi da jahilci ne ya matsa masa ya rubuta, aka buga ƴan littattafan a injin hannu mai baƙanta yatsu. Suka haye gada zuwa Malanbil, suka bi fatake zuwa Kamba. Daga baya, da bidiyo ta zo, shi ya riƙa tsara wa matasan Gaya da Doso labarin fim har gemunsa ya yi fari. Amma in an tambaye shi ranar da ta fi kowace a rayuwarsa, ba ya kawo littafi ko fim. Wata azahar yake kawowa, a zamanin soja na farko, lokacin yana rubuta wa ƴan Samariya, ƙungiyar matasa ta gwamnati, wasan kwaikwayo.

Hamidu yana da wata ɗabi'a ta aiki: ba ya ƙirƙirar aljani daga iska. Sai ya ƙura wa mutum ido a kasuwa, ya sace tafiyarsa da tarinsa, ya ɗora wa aljani. Mutanen gari sun san haka, har wanda ba a taɓa sa shi ba yakan ji an raina shi. A wannan shekarar ya ɗauko amininsa Ado, wani Bafulatani makiyayi daga Tanda, dogo siriri, wanda ko jirgin ruwa ya hango sai cikinsa ya juya. Arawa da Fulani kuwa abokan wasa ne tun kakanni. Zagin da zai kai wani gaban alƙali, tsakaninsu gaisuwa ce, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Hamidu ya mai da Ado aljanin tudu da aka naɗa sarautar kogi: yana tsoron ruwa, ba ya cin kifi, yana mulkin kifaye daga kan gaɓar kogi da ƙwaryar nono a hannu. Ado ya ji labari ya yi dariya har da hawaye, ya ce sai ya rama.

Ana cikin koyon wasan aka kawo sabon kumandan, soja, ya riƙe garin. Hamidu yana can ya duƙufa, bai ma san kalarsa ba. Ranar wasa, bayan la'asar, fili ya cika, aka ajiye wa kumandan kujera a gaba. Aljanin ya fito yana rawar jiki a bakin ruwa, aka tuntsire da dariya. Sai dariyar ta fara mutuwa layi-layi, kowa yana satar kallon kujerar gaba. Hamidu ya leƙo ta bayan zana, ya ga mutum dogo siriri cikin kaki, fuska a ɗaure. Wani ya raɗa masa cewa ran da aka zaga da kumandan cikin jirgi ya duba iyaka, amai ya yi ta yi, kuma da aka kai masa kifin maraba, mayar da shi ya yi. Duk Gaya ta sani, ban da wanda ya rubuta wasan.

Washegari da hantsi jandarma ya yi sallama. Kumandan yana son ganinsa bayan azahar.

Lokacin ba a wasa da irin wannan kira. Bango ma kunne gare shi, an kuma sha jin wanda aka kira ya amsa tambaya ɗaya, sai labarinsa daga kurkukun arewa, can cikin hamada. Hamidu ya zauna a kan turmi, tsoro ya cika shi fal. Matarsa Barira, mai sayar da fura a bakin tasha, ta tsaya a kansa.

"Mi za ka ce mishi?"

"In ce da Ado nike."

"Sai a kamo Ado, ku tahi ku biyu. Malam, saurara. Matan Hillani masu kawo min nono sun ce in ya gamu da su, da Hillanci yake gaishe su, har shina tambayar lahiyar shanu. Bahillace ne. In ka shiga, kak ka durƙusa. Zage shi."

"Barira, kin haukace? Wanga soja na!"

"Kaki riga ce, ba a haihuwar mutum da ita. Ni na san abin da nike hwaɗi."

Ta faɗe shi ba ko gezau, kamar mai faɗin farashin fura. Wannan ƙarfin halin nata ne kawai ya ɗaga shi daga kan turmin.

A ofis, kumandan bai ce ya zauna ba. Ya daɗe yana kallonsa, jandarma tsaye a bakin ƙofa. Can ya yi magana da Hausa mai ɗan karkata.

"Kai ne mai aljanu. Wanda ke tsoron ruwan nan, da wa kake?"

Gwiwoyin Hamidu suka nemi ƙasa da kansu, ya hana su. Ya ga duk ɗaya ne, in ya durƙusa ya amsa laifi, in ya ambaci Ado ya ci amana.

"Ranka shi daɗe, da Bahillace nike. Kowane Bahillace. Ni Ba'are na, tun kakanni mu ka kiwonku kamar yadda kuke kiwon shanu. Laihina ne in an ba bawana kogi shi tsare, alhali ko a kwano ya ga ruwa sai ya nemi sanda?"

Jandarma ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi mutuwa a gabansa. Hamidu ya fara kalmar shahada a zuci.

"Ba'are," in ji kumandan a hankali. "Shi ya sa. Tun jiya nake cewa wannan rashin kunya ba ta ɗan mutunci ba ce." Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, ya dafa tebur. "Kai, bawan banza! Wa ya koya muku sa wando in ba mu ba? Zauna, zauna kafin ka faɗi."

Hamidu ya zauna. Kumandan ya share ido, muryarsa ta sauko.

"Da na tarar wani ne, da yau ka kwana inda ba ka so. Amma ka san wani abu? Tun da na zo garin nan kowa durƙusa mini yake. Ban ji wanda ya zage ni ba, kamar ba ni da dangi a duniya." Ya nuna shi da yatsa. "Tararka ita ce, wasa na gaba ka sa aljani Ba'are, malalaci, mai ci da yawa."

"Wanga ba shi yiwuwa, ranka shi daɗe. Ni ƙarya nike rubutawa, amma ba ta kai nan ba."

"Fita mini daga ofis!"

Ya fita, dariyar kumandan tana bin bayansa. Rana ta haske shi, ya ji iska tana shiga ƙirjinsa kamar yau ya fara numfashi. Bai taɓa sanin warin kifin Gaya da hayaƙin kamiyo suna da daɗi haka ba.

A gindin bishiyar dogon yaro, can tsallaken hanya, ya hango Barira zaune da ƙunshi a cinya. Da ta gan shi shi kaɗai, ba jandarma a bayansa, ta yi yunƙurin tashi ta kasa.

"Ya yi dariya," ya ce. "Maganarki ta hito. Ashe kin sani."

"Na gaya maka," ta ce.

Ya miƙa hannu ya karɓi ƙunshin don ya rage mata kaya, ya ji nauyi. Ya kwance bakinsa. Garin rogo ne da ƙuli-ƙuli, rigunansa biyu, alƙalaminsa, da bargon nan mai kauri da ba a taɓa bukatarsa a zafin Gaya ba.

Ya dube ta. Ta kau da kai tana goge ido da gefen mayafi.

"An ce arewa akwai sanyi," ta ce. "Ɗauko mu tahi gida, na bar hura a buɗe."