Ci-banza da kwamfutar asibiti

A ɗakin katin marasa lafiya yake aiki, wani ƙuntataccen ɗaki a bayan asibitin mai taga ɗaya, da fanka mai ƙugi, da kwamfutar da likita ya saya don a daina ɓatar da fayil. Shekararsa tara a wurin, amma ba mai tuna sunansa na yanka. Ci-banza ake ce masa, shi kuwa har washe baki yake yi, a ganinsa kirari ne.

Bai iya canza ƙwan fitila ba, bai san ajin da 'yarsa take ba, amma duk shafin da ake ɗora fim ɗin sata ya haddace shi. Da intanet ɗin asibiti yake saukewa, majinyata na tsaye a taga da kati a hannu. In ya gama sai ya bi nas-nas da direba da mai gadi yana tura musu, yana ɗaga kafaɗa kamar shi ya shirya fim ɗin.

"Wawa ne kaɗai ke biyan kuɗin kallo," haka yake faɗa wa duk wanda ya tsaya.

Ƙanwarsa tela ce, tana ɗinka wa wani ƙaramin kamfanin fim kayan 'yan wasa. Wata huɗu ta yi a kan keke saboda fim ɗaya, har kafaɗarta ta riƙe. Kwana biyu da fara haska shi a silima ta zo gidansa da tikiti biyu.

"Yaya, kai da Anti ku zo ku ga aikina."

"Riƙe abinki," ya ce, ya zaro waya. Fim ɗin ne, wani ya ɗauko shi a ɓoye daga kujerar baya, hoto a karkace, ana jin tarin mutane. "Tun jiya na watsa shi a guruf shida. Talla na yi muku kyauta."

Ta daɗe tana kallon wayar. "Rigar nan shuɗiya ce, Yaya. Dubi yadda ta koma ruwan toka."

Silima ta yi ta haskawa kujeru ba kowa, kamfanin ya fasa kashi na biyu, ya sallami teloli. Da uwarsu ta yi masa faɗa, cewa ya yi, "Inna, in ban sauke ba wani zai sauke."

Wata Litinin da safe ya shiga wani sabon shafi, ya ga koren maɓalli yana walƙiya, ya danna. Fim bai sauka ba. Allon ya yi baƙi, sannan wani saƙo ya fito: an kulle duk abin da ke cikin kwamfutar. Sunayen majinyata, sakamakon gwaji, magungunan da jikin wane ba ya so, duk sun tafi. A taga wata tsohuwa mai ciwon suga tana tambayar katinta. Ya kashe, ya kunna, ya hura bayan na'urar, har dukanta ya yi.

"Wuta ce ta yi rawa, ranka ya daɗe," ya ce wa likita.

Aka kira mai gyara. Bai yi minti goma ba ya fito da jerin shafukan da aka shiga, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya a gaban ma'aikata. Nas-nas ɗin da suka sha kallo a hannunsa kowace ta kau da kai.

"Ɗauki hularka," likita ya ce.

Mako uku ma'aikata suka yi suna tambayar majinyata tarihin ciwonsu, suna rubutawa da biro. Wasu tsofaffin ko sunan maganinsu ba su sani ba.

Yanzu yana shagon tayar surukinsa, yana mirgino taya daga sito. Duk wanda ya zauna jiran faci sai ya ba shi labarin yadda hassada ta raba shi da aikin ofis. Surukin yakan ci gaba da aikinsa. Sai dai in zai fita salla, yakan cusa wayarsa a aljihu, ya kulle kalkuleta a durowa.