Jinin Usaini Mai Wake

Usaini mai wake mutumin Rawayau ne, ta ƙasar Kurfi. Shi da Alasan tagwaye ne masu kama ɗaya, har gwaggonsu sai ta kira suna ta ga wanda zai waiwayo. Alasan ya gaji mahaifinsu a makarantar allo, shi kuwa Usaini tun yana saurayi ya bi kasuwa. Da kaka yakan sayi wake a ƙauyuka, ya barbaɗe shi da maganin ƙwari da hannunsa, ya ɗinke buhuna, ya jibge a shagonsa na Dutsin-Ma sai bazara. Ƙaƙƙarfa ne mai yawan raha, ba ya jiran ɗan dako ya ɗaga masa buhu.

Da ya haura arba'in sai ƙarfin ya fara gudunsa. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, in ya yi asuwaki dasashinsa ya yi ta jini, tafin hannunsa ya yi fari fat. Aka ce shawara ce, matarsa Mas'uda ta yi ta jiƙa masa saiwoyi. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago, Alasan ya ɗauke shi sai asibiti a Katsina.

Likita Sa'adiya ta ɗebi ɓargonsa aka auna. Da sakamako ya fito ta zaunar da su biyun.

"Alhaji, sankarar jini ce. Ɓargonka yana ta haifar da ƙwayoyin jini da ba sa nuna, sun cinye wurin masu lafiya."

Usaini ya dubi ɗan'uwansa. "Likita, ciki ɗaya muka kwanta da Malam. Shi ma yana hanya ke nan?"

Ta ce, "Ba lallai ba. Gadon da kuka ɗauko a jiki iri ɗaya ne. Amma akwai abin da ke buɗe wani sashe na gadon ya rufe wani, kuma yana sauyawa da shekaru da irin abin da jiki ya daɗe yana haɗuwa da shi. A naka, sashen da ke tsawata wa ƙwayoyin nan su daina yaɗuwa shi ne ya rufe."

"Maganin wake ne ya ja mini?"

"Ba zan iya rantsewa ba, Alhaji."

Ta ce akwai allurar da ke ƙoƙarin buɗe abin da ya rufe. Ba ta warkarwa, sai dai ta sassauta, kuma sai an aiko da ita daga Legas. Kafin nan sai ƙarin jini.

Alasan ya miƙa hannu aka ɗiba. Ya sake dawowa, ya sake, har ma'aikata suka hana shi. Ɗalibansa manya suka karɓa. Duk ƙarin da aka yi, Usaini ya ɗan farfaɗo ya nemi fura, kwana kaɗan ya koma. Yana kwance yana kallon yadda wuyan Alasan ya zurma, abin ya fi ciwon cin ransa.

Wata safiya ya ce, "Malam, ya isa haka. Ruwa kuke zubawa a kwando. Ka kai ni gida."

Alasan ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya ya nemo mota.

A Rawayau Usaini ya ga an yi shuka, ya ga gero ya kai gwiwa. Bai ga an yi noma na biyu ba. Ya rasu da hantsi, kansa a cinyar Mas'uda, yana ƙoƙarin kalmar shahada da leɓɓan da suka bushe da jini.

Ana zaman makoki likita ta bugo waya, ta ce allura ta iso. Alasan ya tambaye ta ko akwai wani mai irin ciwon. Ta ce akwai wata mata daga Ɗantutture.

Ya ce, "A yi mata." Ya kashe wayar, ya koma kan tabarma, don wasu 'yan kasuwar Dutsin-Ma sun iso ta'aziyya suna cire takalma.