Sakan Huɗu na Gudumar Dogo

Da asuba, kafin ya buɗe shagon walda, Dogo yana gaban tsohuwar kwamfutarsa da abin sauraro a kunne. Ya yanko ƙarar ganga, ya sa ta yi ta maimaituwa, ya ɗora jita a kai, ya goge, ya sake. Shekara tara ke nan yana wannan. Ko waƙa ɗaya bai taɓa saki ba. In ka tambaye shi, sai ya ce saura ɗan gyara.

Shi ya koya wa ƙaninsa Auta haɗa kiɗa. Auta kuwa ba ruwansa da gyara. Wata rana ya shigo shago karɓar makulli, ya tarar Dogo na miƙar da ƙarfen ƙofa, sai ya ɗaga waya ya naɗi sakan huɗu. Dogo yana da bugunsa na kansa: biyu a kan ƙarfe, ɗaya a kan uwar maƙera don hannu ya huta. Wannan bugun Auta ya yanka, ya jera yana zagayowa, ya sa wata mawaƙiya ta hau kai. Cikin sati uku kiɗan ya cika motocin haya.

Tun bugun farko Dogo ya gane gudumarsa. Daga nan ya ɗauke ƙafa daga gidan mahaifiyarsu, don can ake kunna waƙar, tsohuwa na gaya wa baƙi ɗanta makaɗi ne. Ɗa ɗaya take nufi. Matar Dogo ta ce to ya saki nasa mana, ya ce nasa ba na 'yan mota ba ne.

Ranar Talata Auta ya zo da makirufo, ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce mutane na neman ta biyu, kuma wannan karon zai sa sunan Yaya a jiki.

"A matsayin wa?"

"Mai guduma, Yaya."

"To, kunna," in ji Dogo.

Ya ɗauki guduma ya yi ta jibga a hargitse, babu bugu biyu da suka yi kama, har ƙarfen tagar mutane ya lanƙwashe. Auta ya jira, ya gaji, ya naɗe wayoyinsa ya tafi. Ni da shagona ke kusa da nasa, ina bakin ƙofa ina gani. Dogo ya leƙa ya tabbatar yaron ya sha kwana, sannan ya mayar da ƙarfen ya shiga miƙar da shi a hankali, yadda ba za a jiyo daga titi ba.