Gidan Gaba

Tun da na auri baban yaran nan, ƙeyarsa na fi sani a cikin mota. Shi a gidan gaba kusa da direba, ni a baya, matse tsakanin masu doya da masu kaji, ina kallon hularsa tana rawa duk ramin da muka faɗa. Na sha yi masa mita. Sai ya ce ba shi ya zaɓa ba, al'adar tasha ce, kuma da gaskiyarsa. In dai ya doso tsohuwar tasharmu ta cikin gari, ko an riga an sa fasinja a gaba, sai an lallashi fasinjan ya koma baya.

Abin dariyar, bai iya tuƙi ba. Baki ne jarinsa. Shi ke shiga ofis-ofis a madadin direbobi. In an ƙara musu haraji, ko hanyar Gwada ta farfashe tana cin tayoyi, shi ake turawa. Yakan zauna a bencin ƙofar ofis da babbar rigarsa tun safe har la'asar, har sai mai ɓuya ya gaji ya fito don kansa. Da na ce ya saya mana ko akwala ce mu huta, sai ya ce, "Duk motocin tashar nan nawa ne. In sayi ɗaya in rage wa kaina arziki?"

Wannan bakin wani ɗan siyasa ya hango. Da ya ci zaɓe ya naɗa shi mai ba shi shawara kan sufuri, aka haɗa masa da mota mai baƙin gilashi da direba. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka. Ni raina bai kwanta ba, na kuwa faɗa masa: mutumin nan ba shawararka yake so ba, kunnen direbobi yake so, kuma a hannunka yake. Ya ce na cika baƙin baki.

Ba a daɗe ba aka ce za a tashi tashar, a mai da ita can bayan gari ta wajen Maikunkele. Da fari ya ƙi. Sai aka yi masa alkawarin rumfuna da famfo da masallaci da motocin da za su riƙa kwaso fasinja daga cikin gari. Ya yarda, don shi mutum ne da in babba ya dafa kafaɗarsa shi ke nan. Ya je ya hau benci ya yi wa direbobi bayani. An ce ba wanda ya yi musu. Dattijon da ke kula da lodi, wani mutumin Bida da suka taso tare, cewa kawai ya yi, "Tunda kai ka ce."

Katanga kaɗai aka yi a sabuwar tashar. Fasinja suka ƙi zuwa, suka koma tare mota a bakin titi. Tsohuwar tasha ta zama shaguna. Direbobi da yawa suka sayar da motocinsu, wani da na sani mai 'ya'ya bakwai ya koma gadi a Sabon Gari. Da zaɓe ya zagayo ɗan siyasar ya faɗi, aka aiko aka karɓi makullin motar nan.

Ba rashin muƙamin ya ci shi ba. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne ko har yanzu 'yan tasha suna ɗaukarsa nasu. Ya ƙi zuwa ya gani. Ya zauna a zaure yana ramewa, waya a gefe ba ta ƙara. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Sai yayarsa ta kwanta rashin lafiya a Gwada. Na ce surukinmu ya kai mu a motarsa. Ya ce a'a, ya ɗauko tsohuwar babbar rigarsa.

A sabuwar tashar mun iske motar Gwada guda ɗaya tana lodi a rana. Ba wanda ya zage shi, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Suka gaishe shi da ladabi, kamar baƙo. Dattijon nan ya taso, ya tambayi gida, ya tambayi yara. Gidan gaba babu kowa, na ga baban yara ya kai hannu ga ƙofar.

"Alhaji, gaba akwai kaya," in ji dattijon. "Ka shiga baya da Hajiya."

Babu wani kaya. Muna tsaye ya waiwaya, ya ɗauko buhun albasar wata mata, ya ɗora a kujerar, ya rufe ƙofa a hankali.

Baban yara ya tattara rigarsa ya shigo. Bai san yadda ake zaman baya ba, gwiwoyinsa suka tokare kujera, ni na nuna masa yadda zai karkace. Har muka isa Gwada idonsa a kan buhun. Kafaɗarsa tana jikin tawa.

Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan, mu zauna gefe da gefe a mota. Tun daga ranar ban sake ambatar maganar ba.